Kwanon da Ba Ya Ƙarewa

Mun tashi da asuba daga unguwar Nasarawa a Kaduna, ni da 'yata ta uku, ko koko ban sha ba don ta ce in bar wa abinci wuri. Dalilin tafiyar kuwa, ta samu gurbin karatu a ƙasar Koriya. Babanta ya ce magana tana hannuna, takardar amincewa kuma tana jiran sa hannu kafin Litinin. Ni abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai: yarinyar nan tana da gyambon ciki, ga tsirfa wajen cin abinci. Me za ta ci a can? Ta ce akwai gidan abincin 'yan Koriya a Abuja, in zo in gani da idona.

Hanya ta ba mu wuya. Mu huɗu aka cusa a kujerar baya, kuɗin mota kuma ya ƙaru a kan yadda na sani. Daga Kakau muka fara cin karo da aikin titi, motoci suka koma hannu ɗaya, muna bin bayan tireloli kamar masu rakiyar gawa. A Tafa masu doya da rake suka yi ta turo kaya ta taga, na haɗiye yawu na haƙura. Kafin mu kai Zuba ƙafafuna sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Sai bayan azahar muka isa.

Wurin tsaf, ga sanyi har cikin ƙashi. Wadda ta tarbe mu 'yar Kafanchan ce, Hausa tangaram a bakinta. Kafin in zauna na tambaye ta batun alade da giya. Ta yi dariya ta ce, "Mama, kwantar da hankalinki, naki naman sa ne da kaza, yankan Musulmi." Ta ba ni cokali, don tsinkayen ƙarfe biyu da suke cin abinci da su sun fi ƙarfin yatsuna.

Aka fara jera mana ƙananan kwanoni: alayyahu da riɗi, kokwamba, tsiron wake, sai kimchi, wato kabeji da aka tsuma da barkono har ya yi tsami. Bai yi mini daɗi ba. Amma ni an rene ni a kan ba a barin abinci a kwano, sai na daure na cinye. Ina ajiye cokali ma'aikaciyar ta ɗauke kwanon, ta dawo da shi cike. Na ce a raina ko ba ta lura ba ne, na sake cinyewa, hanci na zuba, ido na hawaye. Ta sake cikowa. A karo na huɗu na riƙe hannunta na ce, "'Yar nan, laifin me na yi miki?" Ita da 'yata suka bushe da dariya. Ashe al'adar mutanen Koriya ce, ba a barin kwanon baƙo ya zauna babu komai, kuma ba a ƙara ko kwabo. Mai son a daina sai ya rage kaɗan.

Sauran abincin da ƙyar na sama masa wuri. Bibimbap shinkafa ce a tukunyar dutse mai zafi, da ganye da ƙwai, kai za ka cakuɗa kamar kwaɗo, har ƙanzo take yi. Bulgogi nama ne siriri da ake gasawa a gabanka, ɗan'uwan balangu, sai dai da zaƙi. Akwai japchae, taliya mai sheƙi da aka ce daga dankali ake yin ta. Wanda ya kwanta mini shi ne samgyetang, farfesun ɗan tsako da aka cusa wa shinkafa da tafarnuwa, babu barkono ko kaɗan. Na zuba ido ina kallon 'yata, wadda nake bi da kwano a tsakar gida, ta shanye romon tas.

A hanyar dawowa ƙirjina yana ta zafi, ita kuwa ta yi barci a kafaɗata tun daga Jere. Sai da dare ya yi sosai muka shigo Kaduna, ko'ina a jikina ciwo yake. Bayan na yi salla na ce ta kawo takardar. Na rubuta sunana da rubutuna na yaƙi da jahilci, harafi ɗaya bayan ɗaya.

Abin da na koyo shi ne, mutanen da ke jin kunyar ganin kwanon baƙo babu komai ba za su bar mini yarinya da yunwa ba. Na gargaɗe ta ta yi nesa da kimchi saboda cikinta, kuma ta riƙa rage kaɗan kada ta yi irin tawa. Kwanonta na nan gida kuwa, na wanke shi na kife a saman kanta. Shi ne zai zauna babu komai har Allah ya dawo mini da ita.