Ranar da Aka Jona wa Baba Fiyus Wuta

Shekara talatin da biyu Baba Fiyus ya yi yana gyaran wutar lantarki a gidajen mutane. Sau tara wuta tana jan sa, kuma duk inda aka zauna sai ya ba da labarin, yana nuna tabon yatsunsa. Amma ba ita ta kayar da shi ba. Sunkuyawa ya yi zai ɗauki ƙusa, bayansa ya riƙe, ya kasa miƙewa.

Da shan magani bai yi ba, aka tura shi sashen gashin ƙashi, matarsa ta raka shi. Likitar, wata siririyar mace mai tabarau, ta kwantar da shi rub da ciki, ta manna masa faci huɗu a ƙugu, kowanne da wayarsa da ke jone da wani ƙaramin inji.

"Baba, 'yar wuta za mu sa maka. Tana rage ciwo, ta saki jijiya."

"Wuta? A jikina? Da gangan?" Ya ɗago kai da ƙyar. "'Yata, wa ya yi muku wayarin ɗakin nan?"

Ya zaro testar gwada wuta daga aljihu ya miƙa wa matarsa, wai ta gwada masa soket. Ta ce, "Malam, ni rakiya na zo, ba aiki ba."

Likita na juya baya sai ya ƙwala ihu. "Wayyo! Ta ja ni!"

"Baba, ban ma kunna ba. Sanyin facin ne."

Matarsa ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya.

Da aka kunna, sai ya ji kamar kiyashi na yawo a bayansa, tsoka na motsi da kanta. Can ya ce a hankali, "Ɗan ƙara." Kafin minti goma ya fara minshari.

Zuwa shida ya yi, haɗe da motsa jikin da aka koya masa, ya miƙe garau. Sai kuma ƙwarewa ta motsa. Wata safiya matarsa ta tarar da shi da tsohuwar caja, wayoyi da cokula biyu, zai haɗa nasa injin. Nan take ta kira likita ta kanga masa wayar a kunne.

"Baba, in ka jona wannan, ba sashena za a kawo ka ba."

Ya daɗe yana kallon cajar, sannan ya mayar da cokulan kicin, ya saɓa tsaninsa ya tafi aiki.