Taɓarya a Bayan Katangarmu

Shekarun baya, ƙarar taɓarya ce take tashe ni. Dum, dum, dum, daga bayan katangar gidanmu ta gabas, da zarar gari ya fara haske. Jim kaɗan sai ƙamshin jiƙaƙƙen gero da citta ya hauro katangar ya sauko tsakar gidanmu. Wata dattijuwa ce mai sayar da fura take haya a can, an ce daga Bambeye ta zo. Ƙofar gidanta a wani lungu daban take, saboda haka ba ma haɗuwa. Mahaifiyata takan gaisa da ita a gidan suna ko na rasuwa. Ni kuwa ko karo muka yi a kasuwa ba zan gane ta ba. Dakanta kawai na sani.

Ni ma ina da tawa ƙarar. Tun ina lise, wato babbar sakandare, ban iya karatu da baki rufe ba. Sai na fito gindin dogon yaron da ke jikin katangar nan, littafi a hannu, ina kai da komo, ina rera darasin filozofi, wato falsafa, da Faransanci kamar mai waƙar biki. Mahaifiyata ta sa mini suna rediyon gida, ta ce ni kaɗai ce rediyon da ba a saya wa batir. Har bayan na ci bak, jarrabawar gama sakandare, ban daina ba. Da darussa suka ƙare sai na koma rera 'yan waƙoƙin da nake rubutawa, waɗanda yanzu in na tuna su sai in nemi inda zan ɓoye fuskata. Duk a kan hadari da kewa suke, alhali a lokacin ban taɓa kewar kowa ba sai mahaifina.

A daminar shekarar da na ci bak aka kira ni aka ce na sami burs, gurbin karatu a Maroko. Aka ce in je in yi shawara da iyayena in kawo amsa kafin wata ya ƙare, in ba haka ba a ba wanda ke bi mini.

Mahaifina yana Abidjan, kamar yawancin mazan unguwarmu. Da na faɗa masa a waya sai da ya yi kabbara.

"Ki tahi, ɗiyata," ya ce. "Mu mutanen Adar, wa ka zama gida? Ni na tahi da ƙahwata, ke kin samu jirgi."

Mahaifiyata ba ta ce kar in je ba. Ta dai daɗe tana tsince shinkafar da ta riga ta tsince, sannan ta ce, "Abin ga ba na gaggawa ba na. Ki yi istihara. Ki roƙi Allah zaɓi, ki saurari zuciyarki. Inda duk ta karkata, nan na."

Na ɗauki maganar da gaske fiye da yadda ita ma ta yi nufi. Na ce a raina, mai son jin amsa ai ba ya surutu. Sai na ajiye littattafai da waƙoƙi. Kullum in na yi sallar istihara, in gari ya waye sai in shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaron, in rufe baki, in rufe ido, in kasa kunne ga ƙirjina kamar likita.

Safiyar farko ban ji komai ba sai yunwa. Daga nan abin ya fara. Wani nauyi ne yake zuwa ya zauna mini a ƙasan wuya, a hankali, ya sauka ya tsaya, ya sake sauka. Ba baƙin ciki ba ne irin wanda na sani, don ba shi da dalili kuma ba shi da fuska. Sai in ji hannuwana sun mutu, kamar na wuni ina ɗaukar ruwa. Wata safiya na ji hawaye na bin kumatuna, na taɓa su ina mamaki, don ni dai ban san ina kuka ba. Abin da ya fi ruɗa ni, in hantsi ya yi sai nauyin ya ɗage. Da rana in ganni ina duba hotunan garuruwan Maroko a waya ina murmushi, har ina tunanin rigar sanyin da zan saya.

"Mi kinka ji yau?" mahaifiyata takan tambaya in ta fito da buta.

"Nauyi, Inna."

"To."

Ni na san abin da ke cikin wannan "to" ɗin.

Ƙawata, wadda muka zauna benci ɗaya tun muna ƙanana, ta zo ta same ni a kan tabarmar. Na kwashe duka na faɗa mata. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke dai tsoro na ka cin ki, malama mai waƙa. Ko Yamai ba ki taɓa kwana ba. Wane nauyi? Ki sha hura ki tashi."

"To don mi da sahe kawai yake zuwa?"

"Don da sahe kike zama awa gunki kina jiran shi. Ni ma in na zamna haka sai in ji ciwon da ba ni da shi."

Na yi dariya, na ce wataƙila gaskiyarta. Washegari nauyin ya dawo, bai ko san an yi wannan hira ba.

Da mahaifiyata ta ga na fara ramewa sai ta tura ni Affala wurin yayarta, in sha iska. A can gero ya kai gwiwa, tudu duk ya yi kore, jar ƙasa tana ƙamshin ruwa. Da asuba matan gidan suka jeru a kan turame suna lugude, suna cilla taɓare sama suna tafi kafin su cafe. Na zauna a gefe na rufe ido kamar yadda na saba, na ce wa zuciyata, to, Maroko. Sai na ji ta yi tsalle. Wallahi tsalle ta yi. Na ji kamar in tashi in kama hanya a ƙasa. Duk kwanakin da na yi a garin haka nake wayar gari, jikina sakayau, har na fara jera wa 'ya'yan yayar mahaifiyata sunayen abin da zan kawo musu tsaraba.

Na dawo gida Tahoua da murnata. Na ce wa mahaifiyata amsa ta sauya. Ta ce madalla, muryarta ƙasa-ƙasa. Kashegari na shimfiɗa tabarmata a gindin dogon yaro don in tabbatar, sai ga nauyin nan ya zo ya zauna, har ya fi na da.

A nan kaina ya kulle. Wace zuciyar zan saurara, ta Affala ko ta Tahoua? Ta safe ko ta rana? Na je wurin kawuna, wanda yake da karatun addini, na tambaye shi ko amsar istihara tana bin gari. Ya yi murmushi ya ce ba dole ne mutum ya ji wani abu ba, ya roƙi zaɓi ne ya kama hanya, abin da yake alheri Allah zai sauƙaƙa shi. Na gode masa na fito, amma maganar ba ta shige ni ba. Ni da nake jin abu ƙiri-ƙiri a ƙirjina, yaya za a ce in yi kamar ban ji ba? Na yi ta lissafi irin na masu filozofi. Na ce a Affala baƙuwa ce ni, kuma zuciyar baƙo ba abin dogaro ba ce. A gida aka haife ni, a nan na yi roƙon, a nan ya kamata amsa ta same ni. Da rana kuwa hayaniya ce take rufe gaskiya. Na gina hujja a kan hujja har ta yi kyau, irin wadda da a jarrabawa ce da na ci maki mai yawa.

Wata na gab da ƙarewa na je ofishin na ce a ba wani. Ma'aikacin ya cire tabarau ya ce, "Kin tabbata, madmazel?" Na ce na tabbata. Da na faɗa wa mahaifina a waya sai ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Ƙawata ta yi fushi da ni har sai da aka yi girbi.

Washegarin ranar da na mayar da gurbin, tun da babu sauran abin saurare, na ɗauko waƙoƙina na fito gindin dogon yaro na buɗe murya. Ban kai ƙarshen ta biyu ba na ji ƙirjina ya buɗe kamar an zare sakata. Iska ta yi daɗi, ƙamshin citta ya cika gidan, har dakan maƙwabciyarmu na ji ya yi wani armashi. Na ruga madafa na rungume mahaifiyata ta baya.

"Inna, kin gani? Nauyin ya tahi. Zama na alheri."

Ta ce alhamdulillahi, tana share ido da bakin zane, ta ce hayaƙi ne.

A Tahoua na yi karatuna, kuma yau ina koyarwa. Ba na cikin wahala, kada ku ji tausayina. Sai dai tun daga lokacin na daina yarda cewa duk abin da na ji a raina nawa ne. A darasin sanin halayyar ɗan Adam an koya mana cewa mutum yakan ɗauki yanayin na kusa da shi ba tare da ya sani ba, ya ɗauki saurin numfashinsa, da sanyin muryarsa, har da yadda yake zama. Malaman tasawwufi kuma suna kwatanta zuciya da madubi, su ce aikin bawa ya yi ta goge ta. Na yarda da su duka. Abin da har yau ban gane ba shi ne, in madubi ya yi tas, ta yaya zai san wanne hoto ne daga sama, wanne ne na mai wucewa kawai? Ina ganin abin a ajina. Ranar da na shiga a gajiye, yara sai su kwanta a kan tebur. Ranar da suka shigo da ɗumi daga wasa, sai in ji ni ma ina son darasin. Wani lokaci nakan tsaya da alli a hannu in rasa wa ya fara.

Duk da haka ban taɓa haɗa wannan da waccan daminar ba. Na bar ta a matsayin amsar da aka ba ni, na rufe.

Bara waccan aka yi wani ruwa mai ƙarfi, katangarmu ta gabas ta zube. Kafin a sami magini, gidajen biyu suka zama ɗaya. Sai ga turmi a fili, baƙi ƙirin don tsufa, ga wata 'yar tsohuwa siririya tana tsince ɓaraguzan ƙasa daga cikin ƙoranta. Na tsallaka na gaishe ta, na yi mata jaje. Ina buɗe baki ta saki ƙwaryar da ke hannunta.

"Ke ta! Ke ta mai karatun nan!"

Na ce ni ce, Iya, a yi haƙuri da damun da na yi ta yi.

"Wane damu? Zamna, ɗiyata." Ta jawo mini kujera 'yar tsugunne. "Ni ban san mi kike cewa ba, ko waƙa ta ko addu'a ta Nasara. Amma da muryarki nike daka. In kin ɗaga in ɗaga, in kin sauke in sauke. Ni kaɗai nike gidan ga, ɗiyana duk sun tahi bariki. Ke ta abokiyar aikina."

Na yi dariya, na ce ashe ina da mai saurare ban sani ba.

"Akwai wata damana da kinka yi shiru," ta ce. "Kwana da kwanaki ba ki ce uffan ba. Na ce yarinyar ga ba ta lahiya, ko ko an kai ta wani gari. Taɓarya ta yi mini nauyi awa ƙarhe. In ɗaga, in sauke, in tsaya. Hannuwana su mutu. Wata rana har kuka na yi cikin turmi, ban san dalili ba."

 Na ce, "Iya, mi ya hana ki aiko ki tambaya?"

"Haba! In tahi gidan mutane in ce don mi ɗiyarku ta bar ihu? Ai sai a ce tsohuwa ta zare." Ta kama hannuna tana dariya, duk kantar tafinta tana kartar nawa. "Amma ranar da muryarki ta komo, kin san mi na yi? Lugude na yi ni kaɗai, da tsuhwana. Na cilla taɓarya sama har na yi tahi. Ba ki ji ba?"

Na ji. Ita ce safiyar da na ruga madafa na ce wa mahaifiyata amsa ta tabbata.