Hoton Baba a Ƙasan Rumbu

Shekarar da ciwon kai ya kwantar da Baba ina koyarwa a Makarfi. Soja ke mulki, man fetur kuwa sai ka yini a layi. A Zariya aka fara yi masa hoto, bayan an yi masa allurar wani ruwa don jijiyoyin jinin kansa su fito. Muka koma ƙauyenmu kusa da Gazara da hoton a babban ambulan.

Bayan kaka hannunsa na dama ya fara mutuwa, magana tana sarƙe masa. Ni da Kawu muka kai shi wani babban asibiti can kudu, inda sabuwar na'ura ta nuna ƙari a ƙwaƙwalwarsa, bai wuce goro ba.

"Malam, ina hoton farko?" in ji likitan. "Wannan ya nuna mini inda ƙarin yake. Wancan ne zai nuna jijiyoyin da zan kauce wa. Sai na haɗa su zan taɓa kan mahaifinka."

Na ce a sake ɗauka mana. Ya ce ruwan allurar ya yanke, ba wanda ya san ranar zuwansa, kuma Baba ba zai iya jira ba.

Na bar Kawu da shi na kamo hanyar gida. Da na tambayi Inna sai ta sunkuyar da kai.

"Yana ƙasan rumbu," ta ce. "Masu dubiya sun ishe ni. Kowa ya zo sai ya ɗaga shi a rana yana ƙirga haƙoran Malam. Mutum da ransa a riƙa kallon ƙashin kansa?"

Ashe tun kafin girbi ta saka shi, aka zo aka jibge dawar shekara a kai. Ni mai saurin fushi ne, na ɗaga mata murya a ranar, abin da har yau yake damuna.

A wajenmu maigida kaɗai ke buɗe rumbu, shi ma sai damina ta kusa. Wanda ya buɗe da kaka, gari zai ce yunwa ta shigar masa gida. Inna ta jingina tsani da kanta, ta ture jinkar. Muka yini muna fitar da dami, maƙwabta suna leƙe ta saman danga. A can ƙasa muka sami hoton naɗe cikin zanenta na aure, ko gara ba ta taɓa shi ba.

Da na koma asibitin, likitan ya jera hotunan a gilashi mai haske, yana aunawa da rula daga kunne, ya dubi wannan ya dubi wancan. Sannan ya zana ɗan layi a kan Baba da aka aske, ya ce ta nan zai bi.

Aka yi aikin, Baba ya tashi. Hannun bai dawo duka ba, magana kuwa a hankali ta riƙa zuwa. Ranar da muka iso gida ya tsaya gaban rumbu, ya ga jinkar a karkace.

"Wa ya buɗe mini rumbu?"

"Ni ce, Malam," in ji Inna.

Na ba shi labari duka, har da zanen. Ya daɗe yana kallonta.

"To," ya ce, "kin iya ajiya."

Inna ta shige ɗaki. Tun da aka fara jinyar, ranar ce na fara jin kukanta.