Goron da Na Aika wa Matuƙin Jirgi

Mun tashi da asuba daga unguwar Nasarawo a Gombe, ni da ɗan yayana, muka shiga motar Jos. Yaya ne ke kwance a Ikko, inda ya tsufa yana cinikin shanu, ya aiko cewa a zo a mai da shi Gombe tun yana gane mutane. Jikinsa ba zai ɗauki jirgin ƙasa ba, shi ya sa ni da ko allo ban sauke ba na tsinci kaina cikin 'yan jirgin sama.

Hanyar Bauchi ta sha sabuwar kwalta, kuɗin man fetur ya shigo ƙasa. Tuwo da miyar kuka kuwa sun yi tsada kamar da fetur aka dafa. A Jos muka hau jirgi. A zuwa ban ga komai ba, idona a rufe, bakina na salati har Ikko.

A dawowa ne aka yi ta. Damina ce. Mun iso kan Jos, hadari ya haɗe baƙi ƙirin. Jirgi ya sunkuya zai sauka, ya sake ɗagawa. Ya zagayo, ya kuma fasa. Yaya na jingine da kafaɗata, numfashi sama-sama. Ni kuwa abin da na sani a mota shi ne, in direba ya yi taurin kai, goro ake miƙa masa. Na ciro fari babba, na ba yarinyar da ke raba shayi, na ce ta kai wa matuƙin jirgin, ta ce akwai marar lafiya, ya daure ya ajiye mu. Ta karɓa da hannu biyu. Jim kaɗan aka ce Kano za mu. Na fara zagi ƙasa-ƙasa.

Yaya ya ce, "Rufa mini baki. Ni kaɗai ya ɗauko?"

Da muka sauka Kano, matuƙin ya fito, rigarsa sharkaf da gumi. Ya ce, "Baba, kai ne mai goro? Na gode. Duwatsun Jos na cikin gajimaren nan, ban ga ƙasa ba, mai kuma na raguwa. A sama ba gefen hanya da mutum zai tsaya ya yi shawara." Sai ya durƙusa ya gai da Yaya.

Washegari muka ɗauki shatar mota, tafiyar yini guda, ina ta taɓa ƙirjin Yaya. Mun shigo Gombe da la'asar sakaliya. Ya ce a buɗe masa gilashi, ya riƙa kiran sunayen unguwanni yana gyara wa direba hanya.

Na koyi cewa fasawa ma aiki ne, wani lokaci ta fi sauka wuya. Da matuƙin nan ya ji maganata, da babu wanda zai kawo Yaya gida. Ga shi can a zaure, yana shan kunu yana ba baƙi labarin wautata.