Ranar da Iya Ta Ɗauki Jirgi a Ka

A gidanmu na Balan, in sanyi ya shigo, da an idar da sallar magariba Iya kan sa a kwaso kara da 'yan itatuwa a hura wuta a ƙofar ɗakinta. Ta zauna a kan tabarma da ƙwaryar gyaɗa a gabanta, wanda ke son tatsuniya sai ya sa hannu a ɓara. Iya ita ta haifi mahaifina. Tsohuwa ce siririya, goro ba ya barin kuncinta, kuma ban taɓa jin ta rage murya don wani babba ya shigo ba.

A shekarar da nake tunawa ban kai ɗaukar tulu ba tukuna. Baba bai daɗe da dawowa ba. A yaƙi shi ne ke goya rediyon sojoji a baya, ya dawo kunnensa na hagu ba ya ji, magana kuma ta yi masa nauyi. Ya ɗan zauna a Kano yana gyaran inji a wurin wani Bature, da Baturen zai koma ƙasarsu sai ya bar masa abin wasansa: jirgin sama na katako marar nauyi, tsawon hannun babban mutum, da ɗan inji a hanci, da wani akwati mai eriya da ake juya shi da shi daga ƙasa.

Bayan girbi, da gonaki suka zama fili, Baba ya fita da shi, gari ya bi shi. Jirgin ya tashi yana kuka kamar zirnaƙo. Baba ya tura 'yar sandar akwatin dama, ya yi dama, ya tura hagu, ya yi hagu. Ranar na fara ganin haƙoransa tun dawowarsa. Amma da jirgin ya doshi kukar da ke bakin hanyar Gaya sai ya daina jin magana, ya karkace, ya soke kai a jinkar rumbun maƙwabcinmu. Baba ya gyara fiffiken, ya sake gwadawa. A daidai wurin nan ya sake ƙwacewa, ya faɗa tsakiyar shanun makiyaya, suka watse suka tattake waken mutane.

Daga nan magana ta tashi. Wasu suka ce mutanen kuka ne ke karɓe linzamin. Wasu suka ce magidanci da 'ya'ya ba ya wasan yara sai in yaƙi ya taɓa shi. Baffa Haruna, yayan Baba, shi ne mai gida, ya yanke cewa ranar Asabar za a ƙone jirgin, a kai Baba wurin wani mai magani a wajen Gafasa, inda ake sa wa masu taɓin hankali mari a ƙafa. Baba ya shige ɗaki ya saki asabari. Mahaifiyata tana tuƙa tuwo hawaye na bin kuncinta.

A yammacin nan Iya ta sa aka hura wutarta a wani wuri dabam, jikin bangon zaure, inda Baffa ke cin tuwo.

"Ga wata nan tafe," in ji ta, "wa zai tare ta?"

Muka ce mu ne.

Ta ce a wani gari an yi wata bazawara mai saniya ɗaya tak. Duk nisan da saniyar ta yi kiwo, in matar ta kira sai ta juyo. Wata damina sai saniya ta daina amsawa. In tana kusa ta zo, in ta haye rafi ko waiwaye. Mutanen gari suka ce iska ta shige ta, a yanka kafin ta jawo wa gari masifa. Sarkin fawa ya soma wasa wuƙa, mata suka soma wanke tukwane. Matar ta tsaya a bakin turke ta ce ba mai taɓa mata saniya, domin kira yana da baki, yana da hanya, yana da kunne, kuma ba wanda ya duba ko ɗaya. Ta sha zuma ta gyara maƙogwaro, ta kira, shiru. Ta hau suri don muryar ta tsallake dogon gamba, ta kira, shiru. Sai ta kwantar da saniyar ta leƙa kunnenta, ta tarar da kaska ta ƙoshi ta toshe shi. Ta ɗiga man shanu ta zaro ta. Washegari ta kira daga ƙofar gari, saniya ta taho a guje daga ƙetare.

"Sarkin fawa fa, Iya?" wani ƙanena ya tambaya.

"Ya koma gida da wuƙarsa. Masu tukwane kuma suka sha miyar kuka lami. Ta ƙare, kan ɓera naku ne."

Daga cikin zaure muka ji muryar Baffa. "Iya, wannan tatsuniyar ta yara ce kuwa?"

Ba ta kama sunansa, don shi ne ɗan farinta. Ta tofar da tuƙar goro a wuta ta ce, "Wanda ta shiga kunnensa, shi ne yaron."

Sannan ta ɗaga murya. "Auta, fito nan."

Baba ya fito ya durƙusa a gabanta. Ta tambaye shi abin nan nasa ina bakinsa, ina kunnensa. Ya ce akwatin shi ne bakin, kunnen kuma yana cikin cikin jirgin. Ya ce ana iya gano inda ciwon yake ba tare da an tashe shi ba, in wani ya ɗauke shi yana tafiya a ƙasa, shi kuma yana tsaye yana kira, a ga inda zai daina ji.

"Amma ba wanda zai yarda ya taɓa shi, Iya."

"Kan nan ya kai gero kasuwar Gaya tun ba a haife ka ba," ta ce. "Ba zai kasa ɗaukar katako ba."

Da hantsi Iya ta naɗa gammo, ta aza jirgi a ka, ta ratsa tsakiyar gari. Mata na leƙe ta kan danga, maza a dandali suka bi ta da kallo. Baba ya tsaya a bakin gona da akwatinsa yana tura sanda, ɗan faifan da ke wutsiyar jirgin na kaɗawa dama da hagu a saman kanta. Ta ɗora hannu ɗaya a wutsiyar tana tafiya tana cewa, "Yana ji. Yana ji." Kafin ta kai kuka faifan ya yi karkarwa ya tsaya. Masu kallo suka soma gyaɗa kai.

Iya ta juyo, ta wuce Baba, ta miƙe gabas, inda ba itace ko ɗaya sai kututturen gero. Da ta yi nisa kamar na ɗazu, faifan ya sake tsayawa. Ta waiwayo ta dubi jama'a.

"To, nan kuma mutanen wa? Ko sun biyo ni ne?"

Masu gyaɗa kai ɗazu suka kau da ido.

Baba ya hau keke ya je Gaya ya sayo sababbin batura, ya kankare tsatsar da ta cinye mazauninsu da bakin wuƙa. Iya ta sake ɗauka, nisan ya ɗan ƙaru. Ya daina nuna jirgin da tsinin eriya, ya riƙe ta a tsaye, ya ƙara ƙaruwa kaɗan, amma bai kai kuka ba. Sai ya buɗe cikin jirgin. Siririyar wayar da ke karɓar kira an dunƙule ta an cusa a lungu tun ranar da aka ɗaure kayan a Kano, kuma a gindinta ta karye a cikin robarta, sili ɗaya ke riƙe da ita. Da yamma ya sa ƙusa a garwashin Iya har ta yi ja, ya narka dalma ya liƙe wayar, ya warware ta, ya miƙe ta a waje har wutsiya.

Ranar Juma'a bayan la'asar Iya ta yi ta tafiya har ta wuce kuka, ta zama 'yar mitsitsiya a idonmu. Ta dawo ta zauna a gindin kukar da jirgi a cinya, wutsiya na ta kaɗawa, ta ɓare goro ta ci. Asabar da safe jirgin ya tashi, ya kewaye kukar ya dawo ya sauka a gaban Baba.

Baffa bai fito kallo ba, bai kuma taɓa cewa ya yi kuskure ba. Jakin da aka ɗaura wa akumari don tafiya Gafasa dai an kwance shi, maganar ba ta sake tashi ba. Man jirgin ya ƙare kafin damina, ba a kuma samun irinsa. Baba ya kafa rumfar gyaran rediyo a kasuwar Gaya, da ita ya ciyar da mu. Bai warke sarai ba. Har ya rasu tsawa na firgita shi, wata rana ya wuni bai ce komai ba. Amma ƙarfe bai taɓa hawa ƙafarsa ba.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar a kan wayo ce. Sai da na girma na gane a kan taurin kai ce, irin wanda ke tsayawa tsakanin wuƙa da abin da kake so har sai an duba. Ɗana na biyu ya wuce lokacin magana bai yi ba, in an kira shi daga nesa ba ya juyowa. Dangin mijina suka ce iska ce, aka kawo turare da layu. Na goya shi na shiga mota zuwa Kano ban tambayi kowa ba. Likita ya leƙa kunnensa ya ce ciwo ne ya daɗe a ciki, kuma yana da magani.

Da na dawo, uwar mijina ta tare ni a tsakar gida ta ce wa ya ba ni izini. Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, sannan na ce kakata ce ta aike ni, ita kuwa ta riga mu gidan gaskiya, mai ƙara sai ya bi ta can.