Igiyar da Aka Raba Gonar Yaya Halliru da Ita

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Halliru, wanda ya ƙare rayuwarsa yana koyar da lissafi a Kankia. Kullum addu'a kawai nake bin sa da ita, amma abin da idona ya gani bana ya sa na ɗauki biro, duk da karatuna na yaƙi da jahilci ne.

Yaya ba shi da hira sai ta wani Bagirke da ya rayu tun kafin Annabi Isa, mai zana layi da da'ira a ƙasa, wanda ba ya karɓar magana sai da hujja. Mukan zolaye shi cewa ya yi aboki da wanda bai san kabarinsa ba. Wata rana ya haɗa bakin igiyar guga da ƙarshenta ya ƙulle, ya shimfiɗa ta a tsakar gida, tsawo da faɗi daidai, ya sa na jera fayafai a ciki. Ya sake jan ta, ta yi tsawo ta tsuke. Igiya ɗaya, amma rabin fayafan suka rasa wuri. Ya ce ilmin mutumin ke nan: zagaye daban, ciki daban.

Sai bana, kafin damina, aka raba gonarsa ta Bauranya tsakanin 'ya'yansa biyu. Babban, Nura, wanda shi ma malamin lissafi ne, shi ya riƙe igiya. Ya ɗauki mai faɗi, ya bar wa ƙanensa Sabi'u doguwa siririya, ya zagaye kowacce da igiyar a gaban dattawa, awo ya zo ɗaya. Aka shafa fatiha. Sabi'u, da ba shi da abin ciyar da iyali sai noma, har godiya ya yi.

Na ja Nura gefe, na tambaye shi a hankali ko kuskure aka yi. Ya sunkuyar da kai.

"Gwaggo, ashe ke ma ya koya maki?"

Da ya zage ni, da ya fi mani sauƙi. Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Mi Yaya zai ce, da ya ga an mai da hujjar abokinsa wuƙar yanka ɗan'uwa? Ina jin ba zai yi faɗa ba, shiru zai yi, shirun nan nasa mai nauyi.

Littattafansa gara ta ci. Abin da ya saura shi ne ɗan abin da ya zuba a kunnen ƙanwarsa, kuma ya isa ya sa Nura ya sake awo, ba tare da ya faɗa wa kowa dalili ba. Sabi'u ya samu ƙarin fili mai yawa. Har yau a zatonsa kyauta ce Nura ya yi masa, yana ta yi wa wansa addu'a, ni kuwa na kasa cewa amin da ƙarfi.