Akushin Guduma

Wata Lahadi ce cikin bazarar 1984, bayan la'asar, a filin rairayin da ke bayan unguwarmu ta Dagmanet. Ina da shekara goma sha ɗaya, ina tsaye bisa wani tsohon tano, wato gangar ƙarfe, da sai da na yi kokawa da yara maza kafin in same shi, zafin ƙarfen yana gasa mini tafin ƙafa amma ko a jikina. Ƙwallo ta faɗo gaban Alhassan, ɗan wasan gabanmu da ake kira Guduma. Yana nesa da gola sosai, ga abokansa biyu a sake suna ɗaga masa hannu, amma ko kallo ba su ishe shi ba. Ya ɗan ja da baya ya ɗirka mata ƙafa. Ƙwallon ta tashi ta haye sandar gola, ta haye kawunan 'yan kallo, ta je ta faɗa can cikin rumfunan tabarma na mutanen daji da fari ya koro bakin gari. Fili ya kaure da ihu, wasu na zagi, wasu na watsa rairayi sama suna cewa a fitar da shi. Ni kaɗai na buɗe maƙogwaro ina cewa, "Ƙara, Guduma, ƙara!" Wani dattijo ya waiwayo ya tambayi ɗiyar wa ce wannan marar kunya, na faɗa masa sunan mahaifina da na kakana, na ci gaba da ihuna.

Ba banza nake wannan haƙilo ba. Guduma ɗan akushinmu ne. A wancan zamani yawancin 'yan wasan unguwarmu samari ne baƙi, 'yan dako da masu kwaɓa ƙasar gini, ba su da uwa a gari. Saboda haka aka yi al'ada kowane gida ya ɗauki ɗan wasa guda ya riƙa ciyar da shi. Da yamma idan an tashi daga atisaye, yara kan jera akusa a gindin wata bagaruwa da ke gefen fili, kowane ɗan wasa ya san nasa, ya ɗauka ya koma gefe. Idan kuwa aka cire mutum daga ƙungiya, ba a faɗa masa da baki. Gidan da ke ciyar da shi ne zai aiko da akushin a wanke, a kife shi a cikin layi. Yana gani ya gane, ya kakkaɓe rigarsa ya tafi, ba wanda ya ji kunyar wani. Manya na yabon wannan tsari, suna cewa akwai sutura a cikinsa. Gidan da ya kife akushi kuma sai a ba shi wani ɗan wasa.

Alhassan mutumin Timia ne. Mahaifinsa na da garka ta dabino da rumman da alkama, rijiyar ta yi ta ja da baya har raƙumin da ke jan guga ya mutu, shi ne ya gangaro Agadas neman abin da zai aika gida. Dogo ne siriri, amma cinyoyinsa kamar turmi, kuma idan ya yi magana sai ka kasa kunne. Mahaifina yana Arlit wajen aiki a lokacin, gida daga Inna sai ni da ƙannena biyu. Hatsi ya ɓace daga kasuwa, jar dawar taimako muke ci, wadda ko ka kwana kana surfe ba ta yin laushi. Da asuba nakan bi layin famfo da bido biyu, in dawo in taya Inna daka, in tafi lakwal, makarantar boko, da rana kuma in zauna tsagar kaba saboda tabarmin da take saƙawa. Sa'o'ina na can suna gaɗa da 'yar carafke a ƙofar gida, ni kuwa idona na kan inuwar katanga, ina jiran ta kai bakin randa in ɗauki akushi in nufi fili. Inna ba ta taɓa ganin wasa ko sau ɗaya ba, amma kullum na dawo sai ta tambaye ni, "Ɗan namu ya ci duka?" Tuwon take nufi, ba ƙwallo ba.

Majalisar magoya baya kuwa a rumfar Baba Sidi tela take, kusa da masu sayar da gishirin Tegidda. Shi ne ke ɗinka rigunan wasa, shi ne kuma ke raba 'yan wasa ga gidaje, don haka maganarsa ta fi ta mai horon nauyi. A wannan rumfa ake feɗe kowa. Dogo Musa mai tsaron gida, a cewarsu, yana kama duk abin da ya zo ta sama amma yana jin ƙyuyar sunkuyawa. Ɗan Tawa gwanin yanka ne, sai dai yakan yi ta yankan mutane har ya manta inda gola take. Masu tsaron baya kuwa an ce sai an ci su sannan suke farkawa. Amma babbar rigimar a kan Guduma take, har majalisa ta rabu biyu, 'yan lallaɓa da 'yan duka. 'Yan lallaɓa, Baba Sidi a gaba, suna cewa ƙwallo a ƙasa take, a miƙa wa wannan ya miƙa wa wancan har a shiga da ita cikin gola salin alin. 'Yan duka ba su da yawa, kuma yawancinsu matsorata ne, da Baba Sidi ya ɗago kai daga keke sai su yi gum. Ni nakan tsaya a bakin rumfa da akushi a ka in faɗi tawa, cewa duk mai tsaron gidan da ya taɓa tare dukan Guduma da ƙirji, idan ya sake ganin ya ja da baya, jikinsa ne ke gudu kafin hankalinsa, kuma tsoron nan kaɗai ya ishi sauran su samu hanya. Baba Sidi yakan nuna ni da almakashi ya ce, "Ke Rabi, mi kika sani ga balo? Tafi ki taya uwarki daka." A lakwal ma haka nake fama, har wata rana mushe, malaminmu, ya sa ni durƙuso a rana saboda na yaga wa wani yaro aljihu a kan wannan magana.

Ana cikin haka sai umarni ya zo daga sama, kamar yadda komai ke zuwa a zamanin soja. Za a haɗe ƙungiyoyin unguwanni a fitar da ta gari guda, wadda za ta kara da baƙi daga kudu. Aka ɗora wani ajidan a kan aikin, soja gajere mai usur a wuya, aka mayar da atisaye filinmu. Aka kuma ce duk wanda ya samu shiga za a riƙa auna masa hatsi daga rumbun gwamnati. Wannan ya sa gardamar rumfa ta tashi daga hira ta koma maganar ciki. Ga Alhassan, awon nan shi ne abin da zai aika wa iyayensa a Timia. Ajidan bai san 'yan wasanmu ba, sai ya nemi shawarar dattawan majalisa, Baba Sidi kuwa ya faɗi abin da ya saba faɗi. Aka ɗauki Ɗan Tawa da Dogo Musa da wasu, aka bar Guduma. Washegari da hantsi Baba Sidi ya yi sallama a ƙofar gidanmu, ya ce wa Inna daga bayan zana a kife akushi yau, gobe zai turo mata wani yaro. Inna ta ce to, domin ba ta saba musu da manya ba, ta wanke akushin da kanta ta ajiye mini a bakin ƙofa.

Na zauna na tasa akushin nan a gaba, zuciyata na tafasa. Ban ga suturar da ake faɗi ba. Abin da na gani shi ne mutum ya rasa wasa, ya rasa awo, sannan a rana ɗaya a ce ya rasa tuwon yamma, duk saboda wani tela ba ya son ƙwallo ta tashi sama. Da Inna ta shiga ɗaki yin sallah, na juye rabona na rana da ban ci ba a cikin akushin, na kankare ƙanzon tukunya na ƙara, na zuba sauran miyar kuka, na rufe da faifai na fita. Da na isa, atisaye ya yi nisa. Alhassan yana zaune shi kaɗai can ɗaya gefen filin, ya haɗa kai da gwiwa, yana jiran a jera akusa ya ga nasa a kife ya tafi. A lokacin ko babban mutum ba ya taka filin nan idan ajidan na ciki, sai dai ya zagaya ta bayan rumfuna. Ni ban zagaya ba. Na ratsa ta tsakiya, akushi a ka, 'yan wasa na kauce mini, ƙwallo ta gangaro ta tsaya kusa da ni na tsallake ta.

Usur ya tashi, kowa ya tsaya cak. Ajidan ya tako har gabana, ina kallon takalminsa, ya ce, "Wa ya aiko ki?" Na ce ba kowa. Ya ce ban san an cire wancan ba? Na ce, "Daga ekip kuka fidda shi, ba daga gidanmu ba." Daga bakin fili na ji muryar Baba Sidi yana salati yana kiran sunan mahaifina. Ajidan ya ɗaga faifan da bakin sandarsa, ya dubi ƙanzo da 'yar miyar da ke ciki, ya mayar ya rufe. Hannu kawai ya kaɗa mini in ba su wuri. Na ƙarasa na dire akushin gaban Alhassan. Ya ce in mayar, kada in jawo wa Inna magana. Na ce ba inda za ni sai ya cinye, na zauna a rairayi na naɗe ƙafa. Haka ya ci, kansa a sunkuye, jama'a na kallonmu.

Labari ya riga ni isa gida. Na shiga ina jiran bulala, sai na tarar da Inna tana saƙa, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Gobe kada ki kai masa ƙanzo, abin kunya ne." Daga ranar ta riƙa yanka tuwon kashi biyar kamar da, sai dai kowane kashi ya ƙara ƙanƙancewa. Baba Sidi ya daina amsa gaisuwata, mata a layin famfo suna cewa gidanmu na kiwon mai harbin tsuntsaye, yara a lakwal kuma da sun gan ni sai su ɗaga kai sama suna neman ƙwallo. Duk wanda ya faɗa mini ɗaya sai na mayar masa da uku.

Da zan so in ce ranar karawa an sha kashi, gari ya gane kurensa. Ba haka aka yi ba. An ci baƙin da ɗaya, kuma Ɗan Tawa ne ya ci, bayan an yi ta miƙe-miƙe kamar masu rabon goro, ya tura ta a hankali ta mirgina ta shiga. Gari ya ruɗe da kiɗa da guɗa, aka ɗauki Baba Sidi a kafaɗa. Da ya hango ni ya ce, "To, ɗiyar Guduma, mi kika ce?" Na ce da an sa shi da uku za a ci. Aka yi mini dariya har da riƙe ciki, amma abin da na faɗa a ranar shi nake faɗi har yau, kuma ba wanda ya isa ya nuna mini ƙarya ne tunda ba su gwada ba.

Wanda ya karya ni shi ne Alhassan da kansa. Fari ya ƙara tsanani, aikin gini ya tsaya, kuma ya ga ƙanena ƙarami yadda wuyansa ya zama. Wata yamma na ajiye masa abinci a gindin bagaruwa na tafi kallon atisaye. Da na dawo ɗauka, na tarar da akushin a kife. Ya cinye, ya goge shi da rairayi tas, ya kife shi da hannunsa. Wani ɗan dako ya ce mini ya ga ya hau kamiyon da ke zuwa arewa, da 'yar jakarsa da salkar ruwa. Na ɗauki akushin na maka shi da ƙasa don haushi, na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar da na tsaya gaban soja. Na yi fushi da shi ƙwarai, domin ni ban gaji ba, Inna ma ba ta ce ta gaji ba. Mun tambayi mutanen Timia da ke kawo lemu da dabino shekara da shekaru, wani ya ce yana Tamanrasset, wani ya ce ya zarce Libiya, ba mu taɓa samun mai cewa ga shi na gan shi da idona ba.

Yanzu filin nan gidaje ne, bagaruwar ma an sare ta. Jikokina kan taru a kan waya guda suna gardama a kan 'yan wasan Turai, wannan a sayar da shi, wancan a ajiye shi a benci, da zafi irin namu na da, har jijiyar wuya na tashi. Nakan sa baki, su yi dariya su ce Kaka ta fara. Ba na ganin laifinsu. Sai dai idan aka cire gwaninsu, kashe waya suke yi su tafi cin abinci, ba abin da ya ragu a tukunyar kowa. Mu a lokacinmu, mutumin da muke faɗa a kansa mun san ƙauyensu, mun san ranar da ya kwana da yunwa, kuma ina kewar gardamar da ke da wannan nauyi. Ba ni da tabbacin yana raye, amma a gidanmu ba a taɓa cire shi ba.